Rasuwar Gwaggo, Mai Gadin Ɗakin Kwamfuta

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, malamin kwamfuta da ɗalibansa na sanar da rasuwar Gwaggo, tsohuwar na'urar da ke zaune ƙarƙashin taga. Ta cika ranar Talata, bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Kafin zuwanta, makarantar na da kwamfuta ashirin, amma babu mai lura da abin da ke fita daga cikinsu. Malam ya koya mata darasi ɗaya: ɗan Adam ba ya cika lokaci daidai. Duk kwamfutar da ke aika saƙo waje kowane minti biyar, ba ƙari ba ragi, ba hannun mutum ba ne, muguwar manhaja ce ke kai wa ubangidanta rahoto. Da marigayiya ta ga irin wannan, sai a ji "ƙit, ƙit, ƙit".

Aikinta ba sani ba sabo. Ta kai ƙarar injin buga takardu. Ta kai ƙarar Malam kansa, don kullum ƙarfe takwas daidai yake buɗe wasiƙunsa. Malamin lissafi kaɗai ne ba ta taɓa zargi ba, shi da bai taɓa zuwa a kan lokaci ba.

Na'ura ɗaya ce ba ta duba ba, ita kanta. Malam ne ya cire sunanta daga jerin na'urorin da ake bincika, yana ganin bai dace a binciki babba ba. Wata ɗaliba da aka zaunar kusa da ita saboda surutu ce ta lura 'yar fitilar Gwaggo na ƙiftawa duk minti biyar, ta gwada da agogon bango. Ashe muguwar manhaja ta shige ta, wata uku ke nan Gwaggo na fitar da tambayoyin jarrabawar da aka ba ta ajiya. Malam ne ya zare wayarta da hannunsa.

Ta bar kwamfutoci ashirin, da allon madannai mai giɓi biyu, da Malam, wanda zai sake rubuta jarrabawa tun daga farko.

Za a wanke ma'ajiyarta ranar Alhamis, a kai ta ɗakin ajiya kusa da karyayyun kujeru. Ana roƙon masu rakiya su ɗan makara, don girmama koyarwarta. Ɗalibar ce za ta rubuta sabon jerin bincike, ta kuma riga ta sa sabuwar na'ura, magajiyar Gwaggo, a layin farko, domin ta gane cewa mai gadi ma ana duba shi.