Bah Donbok da Rubutun Kakanni

Duk tsaunukan ƙabilar Khasi, inda ake ce wa namiji Bah, mace kuma Kong, babu masanin tarihi kamar Bah Donbok Marbaniang. Shi da bakinsa ya faɗa, wa kuwa ya fi shi sani? Shekara tara yana shugabantar Kwamitin Kogon Mawsiang, kwamiti mai mutum uku: shi, da surukinsa, da wani da ya rasu bara. Mutanen gari Uban Kogo suke ce masa, duk da tumbinsa bai taɓa barin sa ya wuce zauren farko ba.

A zauren nan kuwa Allah ya yi masa buɗi. Ya haska tocila a bango, sai ga fararen zane-zane birjik, gajeru-gajeru, daidai tsayin kafaɗar mutum. Nan take ya gane rubutun kakanni ne. Ya zabga wa jami'ar birnin Shillong wasiƙa shafi goma sha ɗaya. Aka ce za a turo farfesa, in abin ya tabbata a sa wa kogon sunansa. Murna ta hana shi cin shinkafa kwana biyu, wanda a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne.

Ran da farfesar ta zo, gari ya ɗunguma ya bi su ciki. Uban Kogo ya gyara kwat, ya yi gyaran murya.

"Shekara dubu uku ke nan da rubuta shi, ranki ya daɗe. Wannan layin cewa yake sarki ya ci yaƙi. Mai lanƙwasar nan kuma sunan sarauniya ne. Duk duniya ni kaɗai ke iya karanta shi, nauyin har tsoro yake ba ni."

Kong Iaishah mai lemo, wadda ita da 'yan'uwanta mata ke fakewa a nan duk ranar kasuwar da ruwa ya tare su, ta gaji da tsayuwa. Ta kwance ƙullinta, ta shafa farar ƙasa a ɗanyen ganye, ta naɗe goro a ciki, yadda ake cin sa a ƙasarsu, ta jefa baki. Ragowar farar da ke yatsarta ta goge a bango, yadda kowa ke yi. Sabon harafi ya fito raɗau kusa da sarauniya.

Bah Donbok ya daka mata tsawa. "Ke Kong, kin ɓata tarihi!"

"Wane tarihi kuma, Bah? Ai mai lanƙwasar ma nawa ne. Ran Alhamis ina cikin gogewa santsi ya kwashe ni."

Farfesa ta rufe littafinta, ta tambaya ƙarfe nawa motar Shillong ke tashi.