Bijimin Da Ke Riƙe Da Sabis

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini da ta zo mu ji ta, 'ya'yana, ko kuna tsaye a layin mai ne.

A wata makaranta tsakanin Gwandu da Kalgo aka kawo wasu 'yan akwatuna masu ƙaho na rarraba intanet. Babu wayar da ta haɗa su. Wannan ya miƙa wa wancan saƙo, wancan ya miƙa gaba, kamar mata na miƙon bokiti ranar gobara. In ɗaya ya kauce, shi ke nan.

To kuɗin falwayoyin da za a ɗora su, Allah ya saka wa kwamiti da alheri, sun zama rumfa da lemo na bikin buɗewa. Sai aka rataya akwatunan a bishiyoyi. Filin tsakiya kuwa ko bishiyar kargo babu, sai bijimin Sule makiyayi, Albarka, da ke kiwo a wurin. Kwamiti ya zauna, ya tashi, ya ɗaura wa Albarka akwati a wuya da farantin sola a doro, ya ce sabuwar fasaha ce.

Mufida, ɗaliba 'yar garin Dalijan, tana da takardun neman karatun jinya da za ta tura, ranar Alhamis ake rufewa. Ta kawo dusa, ta kawo kanwa, duk don Albarka ya tsaya wuri ɗaya. Da saƙo ya kai rabi sai Albarka ya hango saniya, ya bi ta.

"Baffa Sule, don Allah ka riƙe shi!"

"Ɗiyata, ni kiwo na sani. Tun da ya zama ma'aikaci ko gaisuwata ba ya amsawa."

Alhamis ɗin ce ranar buɗewa. Mai Girma Hasken Al'umma ya iso da jiniya, kuma babban baƙo ba ya komawa hannu sake. Kwamiti ya waiga, ya ga Albarka. Aka kafa turke a tsakiyar fili, aka ɗaure shi da jan ƙyalle, a kan da an gama jawabi a loda shi a mota.

Sai ga sabis ya cika waya fal, abin da ba a taɓa gani ba. Mufida ta danna. Takardu na tafiya a hankali, Mai Girma ya ce, "A ƙarshe..."

Ta miƙe tsaye. "Ranka ya daɗe, ba ka faɗa mana gadar da za ka gina ba!"

Ya gyara hula, ya gina gada da baki. Ɗalibai suka gane, kowa kansa a waya, bakinsa na cewa, "A ƙara, Baba, a ƙara!" Ya gina asibiti. Ya kawo jirgin ƙasa har Ceberu. Yana cikin haƙa teku a Kalgo wayar Mufida ta ce an karɓa. Ta zauna, ta buɗe lemonta.

Mufida tana karatun jinya yanzu. Albarka ya shiga tukunya, akwatinsa yana falon Mai Girma, an ɗora masa fure. Sule an ba shi takardar yabo. Sabis bai sake dawowa ba, amma kada ku ce ba a aiki: an kafa kwamitin nemo bijimin da ba ya kallon shanu.