Maraƙin Surukar Barau

Akwai wani mutum a unguwarmu ana kiransa Barau. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa da kowa, sai dai hannun jarirai gare shi, in abu ya shiga ba ya fita sai da kuka. To shi ne surukarsa, Hajiya Tasallah, ta sayi maraƙi ta ba shi kiwo, a kan ci da sha yana wuyansa, in dabba ta yi kyau a sayar a raba riba. Barau bai so ba ko kaɗan, amma wa ya isa ya ce wa suruka a'a?

Ba a jima ba cikin maraƙi ya kumbura, ya daina tuƙa. Ran kasuwa Barau ya nufi kara, wurin wata tsohuwa, Inna Dudu, wadda ke zama gindin tsamiya tana sayar da maganin dabbobi. Ta haɗa masa garin sabara da ɓawon maɗaci da hulba da 'yar kanwa, ta ƙulle a leda. Ta ce, "A riƙa barbaɗawa a dusa safe da yamma. Cikin zai saki, ko kaɗan ya ci sai ya zauna masa a jiki."

Duk bayanin nan, "ko kaɗan" ɗin ne ya shiga kunnen Barau. Cikin maraƙi ya saki kuwa, ya koma tuƙa, shi kuma gogan ya zauna ya yi tunani. In kaɗan yana isa, ai kaɗan ɗin ma ana iya rage shi. Dusa ta tashi daga kwano ta koma rabi, daga rabi ta koma ludayi. Harawa kuwa ya ce almubazzaranci ce. Ƙarshe dai magani yake damawa da ruwa ya ajiye wa dabba, yana tsaye yana kallo cike da jin daɗi.

Matarsa Larai ta ce, "Malam, dabbar nan fa ta fara lasar bango."

Ya ce, "Aikin magani ne, ke ba ki sani ba."

Ana nan sai ga saƙo, wai Hajiya tana tafe ran Juma'a ta ga kayanta. Ranar ce Barau ya tsaya ya dubi maraƙin da idon baƙo. Haƙarƙari duk a waje, ƙashin ƙugu kuwa ka rataya riga ta zauna daram. Tsoro ya kama shi sosai, domin ya san bakin Hajiya, in ta fara magana a tsakar gida har bakin masallaci ake ji. Ya ga ba mafita sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi, kuma a gaban shaidu.

Da yake dabbar ba ta iya doguwar tafiya, a kura ya ɗora ta, ya turo har gindin tsamiya. Ya ɗaga murya yadda dillalai za su ji, suka kuwa taru.

"Inna, dubi abin da maganinki ya yi wa dukiyar mutane."

Tsohuwa ta tashi a hankali, ta zagaya kurar, ta danna cikin maraƙi da yatsa. Ta ce, "Ɗan nan, kumburin ya dawo ne?"

"Bai dawo ba."

"Kana ba shi maganin?"

"Safe da yamma, ban taɓa fashi ba."

"A cikin me?"

Barau ya ɗan gyara hula. "A ruwa."

"Ruwa da me?"

"Ruwa mai kyau, na rijiya."

Inna Dudu ta koma tabarmarta ta zauna, ta ci gaba da ƙulla ledojinta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ta ce, "To ai magani ya yi aikinsa, ɗan nan. Maganin narkar da abinci ne. Ya shiga ya duba bai tarar da abinci ba, shi ne ya fara da maraƙin."