Kaji a Kujerar Gwadabe

A Unguwar Ɗorawa, katanga ɗaya ce tsakanin shagona na ɗinki da gidan Malam Gwadabe mai gireda, don haka abin da zan faɗa muku da idona na gani. Mutum uku ne a gidan: shi Gwadabe, da matarsa Marka, da ƙanensa Nomau. 'Yarsu ɗaya, Rakiya, tana aure a Kaduna. Nomau ya haura arba'in, ga ƙarfi ga ladabi, amma duk abin da ka faɗa masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. An taɓa ce masa ya riƙa ba wa mangwaron gidan ruwa kowace safiya. Na sha ganinsa a tsakiyar damina, ana sheƙa ruwa, yana tsaye da bokiti yana zubawa.

Gwadabe ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa gireda, motar nan mai doguwar wuƙa a ciki da ke baje ƙasa in za a yi titi. Kamfaninsu ya rufe, aka sallame su. Bayan shekara uku ciwon ɓarin jiki ya kada shi, hannun dama da ƙafar dama suka shanye. Likita ya ce harshensa zai iya magana in ya so, hannun ma zai iya farfaɗowa, amma in aka yi wata uku bai motsa shi ba yatsun za su sandare har abada. Gwadabe bai so ba. Ya juya fuskarsa bango, ya yi shiru, ko sallama ba ya amsawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don mutum ne da a da in ya yi dariya sai an ji a bakin kasuwa.

Wata rana sai ga kwali daga Kaduna. A ciki akwai ƙaramar gireda ta roba, ba a haɗe ba, gutsi-gutsi fiye da ɗari, da gam, da fenti, da takarda mai hotuna. Rakiya ta bugo waya ta ce a ba Nomau.

"Baffa, kai za ka riƙa haɗawa, amma a gaban idon Baba, inda zai gani. In ya miƙo hannu ka ba shi. Sai dai kada ka bari ya taɓa da hagu, likita ya ce da dama."

"To, 'yata."

Idon Gwadabe yana bango, don haka Nomau ya kutsa tsakanin gado da bango, ya baje kayan a nan. Gwadabe ya juya kai. Nomau ya tattara ya zagayo. Ya sake juyawa, ya sake zagayawa. Haka suka yi ta yi, mutum biyu masu furfura, har a zagaye na tara faifan da kayan ke kai ya kife. Ɗan sitiyarin, wanda bai kai girman wake ba, ya gangara bakin ƙofa, kazar Marka ta haɗiye shi.

Washegari Marka ta ce wa Nomau cikin fushi, "Tunda kai ka zubar, kada ka rabu da kazar nan sai ta kasayar da shi." Ai kuwa bai rabu da ita ba. Ta shiga gidan liman, ya bi ta. Ta shiga shagona ta haye kan shaddar mutane, ya tsuguna yana jira da tsinke a hannu. Na kore su su biyu. Kwana biyu yana tona kashin kaza a unguwa, yara na binsa da waƙa. A kwana biyun nan babu mai ɗaga Gwadabe, sai da Marka ta leƙo ta katanga ta kira ni. Da na ɗaga shi na ji ba nauyi, kamar na ɗauki damin kara, sai da na kau da kai don kada ta ga idona. Rana ta uku Nomau ya shigo yana murna, ya wanke sitiyarin da sabulu sau bakwai.

Wata rana ya kawo mini takardar in duba masa yadda ake manna wuƙar. Na bi shi ɗakin yayansa, na ɗiga masa gam, na haɗa, na ce, "Riƙe nan da kyau, kada ka saki sai na dawo." Na fita da niyyar sayo zare. A hanya na gamu da masu zuwa suna a Gidan Kanya, na bi su, wallahi na manta da shi sarai. Ban dawo ba sai bayan la'asar. Na same shi a gaban gadon yayansa yadda na bar shi, tuwon rana ya yi sanyi a gefe, ƙudaje sun rufe kwanon, yatsunsa sun manne da wuƙar. Da ruwan ɗumi muka ɓamɓare, fatar babban yatsa ta tafi da gam.

Na ce, "Kai Nomau, wane irin mutum ne kai? Ba ka ji zafi ba?"

Ya ce, "Na ji. Ba ka dawo ba ne."

A nan kam laifina ne, kuma na ji kunya. Gwadabe yana kwance yana kallon rufin ɗaki.

A haka dai, da faɗa da komai, giredar ta haɗu cikin wata biyu da rabi. Tayoyi shida, gilashi, fitilu, fenti rawaya yana ƙyalli. Ni na ja mata baƙin layi da tsinken ashana. Muka ɗora ta a kan kujera 'yar tsuguno a gefen gado, muka tsaya muna jira. Gwadabe ya dube ta sau ɗaya, ya lumshe ido. Yatsunsa na dama sun riga sun fara lanƙwashewa cikin tafin hannu, Marka na buɗe su da man kaɗe suna komawa. Saura mako biyu a wa'adin likita.

Wata rana Rakiya ta sake bugowa, aka faɗa mata, ta yi ta kuka a waya. Ta ce, "Wataƙila don ba ta yi kama da tasa ba ne. Baffa, ka san tasa, tana nan a tsohon yadin kamfani. Ka mai da wannan kamar ta Baba, sak." Abin da take nufi, ni da Marka mun gane: a rubuta lambar motar, a sa mata sunan nan da ya rubuta a goshinta. Nomau bai tambayi kowa ba. Da asuba ya sa giredar a buhu, ya taka zuwa yadin, tafiyar awa biyu a ƙasa, ya wuni a can.

Da yamma ina zaune wajen Gwadabe ya shigo, ya zaro ta ya ajiye a kan gado. Ya ɓalle tayoyi huɗu, ya tokare ta da tsakuwa. Ya fasa gilashin, ya karkace wuƙar, ya goge fentin da yashi ya shafe ta da jar ƙasa har ta yi kamar tsatsa. A kan kujerar direba ya cusa busasshiyar ciyawa da ɗan gashin kaza. Tayoyin da ya cire ya zube su a gefe.

Marka ta dafe ƙirji ta ce, "Nomau, ka kashe shi. Abin da za ka nuna wa mutumin da ke kwance ke nan?"

Ni kuwa har na ɗaga hannu zan kai masa mari, sai na ji numfashin Gwadabe ya canja. Ya ƙura wa abin ido. Can, da wata murya kamar ƙofar da ta daɗe a rufe, ya ce, "Wa ya cire mata ƙafafu?"

Nomau ya ce, "Haka take yanzu, Yaya. Kaji ma ke ƙwai a kujerarka."

Ban taɓa ganin fushi irin wannan a fuskar Gwadabe ba. Ya kai hannun hagu zai ɗauki taya, Nomau ya cafke shi ya danne.

"Sake ni."

"Rakiya ta ce da dama."

Ya fizga, ina, Nomau ƙato ne. Ya zage shi, zagi na sosai, na farko cikin wata biyu da rabi, Marka na jin zagin tana hawaye. Nomau bai saki ba. Sai muka ga hannun daman ya ɗan girgiza a kan zanen gado. Ya ja jiki kaɗan, ya tsaya, ya sake ja. Gumi ya jiƙa masa wuya. Har aka kira magariba bai iya ɗaukar tayar ba, amma ya tura ta da bayan yatsa sai da ta taɓa jikin motar.

Kwana arba'in ya yi yana mayar da tayoyin nan huɗu. Hannun ya dawo har yana cin tuwo da kansa, magana ma ta dawo, ƙafar ce dai ba ta ƙara taka ƙasa ba. Ranar da ya manna ta ƙarshe, ya tsince ciyawar daga kujerar da yatsa biyu, ya ce, "Nomau, kullum ka je ka kori kajin nan daga kujerata."

"To, Yaya."

Gwadabe ya rasu da damina ta zagayo. Ƙaramar giredar tana kan tagar ɗakinsa da tayoyinta shida. Nomau kuwa har yau kowace asuba yana wucewa ta gaban shagona da sandarsa, awa biyu zuwa yadin, awa biyu dawowa. Marka ta roƙe ni in ce masa ya daina, tunda yana jin maganata. Sau uku ina tare shi a hanya, ya tsaya yana jiran abin da zan ce, sai in ce masa ya gaishe da kajin kawai.