Ruwan Gidan Hajiya da Hijabina

Ko zan manta da komai a aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa kaina wanka a zaune, da kayana a jikina, a gaban mahaifiyar mai makarantarmu da duk matan gidanta.

Lokacin ban daɗe da gama karatun koyarwa ba. Na samu aiki a wata 'yar makarantar firamare mai zaman kanta a cikin birni, wajen Limancin Kona, amma na gwaji ne. Hedimasta, Malam Tanimu, ya faɗa mini ɓaro-ɓaro cewa sai an ga yadda na yi a zangon farko kafin a tabbatar da ni. Aikin nan ina sonsa har raina, don na sha zaman gida har na fara gane kajin maƙwabta da muryarsu. Aka ba ni 'yan aji biyu. Ni kuwa a lokacin gani nake duk Zariya ba a taɓa yin malama kamata ba (takardar shaidata ko ninki ba ta yi ba, amma kaina ya riga ya kumbura).

Da muka iso darasin gurɓatar ruwa, littafi cewa ya yi a rubuta a allo, yara su maimaita. Na ce wannan ai aikin tsofaffin malamai ne, ni sai yarana sun gani da idonsu. Na tattaro robobin da aka shanye, na shiga lungu. Na ɗebo ruwan kududdufin bayan makaranta, kore shar, har da guntun leda a ciki. Na je wurin mai injin markaɗe na roƙi ruwan da baƙin mai ke yawo a kansa. Na tsugunna a bakin kwata ina toshe hanci ina cika roba, sai wata tsohuwa da ke wucewa ta tsaya ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, 'yar nan." Ban tsaya yi mata bayani ba.

Darasin kuwa ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na jera robobi a kan tebur. Na nuna musu wanda shara ta ɓata, da wanda mai ya ɓata, da na ruwan wanki mai kumfa. Da na buɗe na kwata, aji ya kaure da ihu, kowa ya kama hanci. Na faɗa musu irin wannan ruwan ne ke kawo gudawa da amai da zazzaɓin taifot, shi ke kashe kifi, shi ke tara sauro. Daga ƙarshe na ɗaga wata roba mai ruwa garai-garai, na ce wa zai sha? Duk suka ɗaga hannu. Na ce to wannan daga rijiyar da ke manne da masai aka ɗebo shi, ƙwayoyin cutar da ke ciki ido ba ya ganinsu. Sai ga hannuwa suna sauka ɗaya bayan ɗaya.

Da na tsaya a nan da na tsira. Amma daɗin baki ya ɗebe ni. Na ce, "Daga yau duk ruwan da launinsa ya canza, kar ku sha. Wanda bai canza ba ma ku binciki inda ya fito. Na naɗa ku 'yan sandan ruwa!" Suka miƙe suka sara mini. Na koma gida ina taku ɗai-ɗai.

Sati bai zagayo ba ƙorafi ya fara shigowa. Wani ya ƙi shan zoɓo a gidan suna, wai ruwa ne da ya canza launi. Wata ta bi mai garuwa har lungu uku tana tambayarsa a ina ya ɗebo. Waɗannan duk dariya muka yi. Wadda ta ja mini ita ce Walida, 'yar mai makarantar, wata 'yar firit mai baki kamar rediyo. Ta kwana biyu tana fama da ciwon ciki, sai wan mahaifinta, wanda malami ne da ake zuwa ɗaukar karatu a zaurensa, ya yi mata rubutu. Aka wanke allo aka miƙa mata. Ta leƙa ƙoƙon ta ce, "Launinsa ya canza. Malama ta ce kar mu sha."

A gidan malamai fa. A Limancin Kona.

Malam Tanimu ya kira ni ofis, fuskarsa ba annuri. "Malama, ke kika ce wa yara kada su sha rubutu?"

Na dafe ƙirji. "Ni, Malam? Wallahi ni kaina da rubutu aka raine ni."

"To Hajiya tana nemanki. Kuma bari in faɗa miki, Alhaji shi ne mai makaranta, amma abin da mahaifiyarsa ta ce shi ake yi. Idan ta ce ki tafi, ko ni ba ni da ta cewa. Ki je ki ba da haƙuri, ban da dogon turanci."

Bayan la'asar na shirya. Na zaɓi hijabina mafi kyau, mai ruwan madara, don a ga ni mutuniyar kirki ce. Gidan irin na da ne, zaure bayan zaure, sai da na yi sallama har muryata ta gaji kafin na isa tsakar gida. Hajiya tana zaune a ɗakinta a kan darduma, sandarta a gefe, surukanta sun kewaye ta. A bakin ƙofa kuwa yara ne suka yi cirko-cirko, har da 'yan ajina, Walida a gaba.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta nuna mini tabarma. Kun dai san yadda ake yi, ba a fara magana da baƙo sai ya sha ruwa. Wata daga cikin matan ta kawo wani ƙaton kwanon sha cike taf daga randa, ta dire a gabana.

Hajiya ta ce, "Bismillah, Malama. Na rijiyarmu ne, tun kakannin mai gidan nan ake shan sa. Ya fi na firiji."

Na ɗauka ke nan, sai muryar Walida ta fito daga bakin ƙofa. "Malama kar ki sha! Kwatar wanke-wanke da ta banɗaki a gindin rijiyar suke wucewa. Na bincika!"

Hajiya ba ta ko kalli jikar tata ba, ni take kallo. Na duba kwano, na duba yara. Idan na ƙi sha, na zo ba da haƙuri na ɓige da cewa ruwan gidan dattijuwa ƙazanta ne, aiki ya tafi. Idan na sha, ga 'yan sandana suna kallo, duk abin da na koya musu ya zama tatsuniya. Kuma gaskiya, tunda yarinyar ta ambaci banɗaki, ruwan ya riga ya fita daga raina.

Sai wayo ya zo mini (irin wayon da ke zuwa wa mutum idan Allah ya tashi kama shi). Na tuna yadda ake kawar da kai a sha ruwa a gaban manya don kunya. Na juya gefe, na shigar da kwanon cikin hijabi, na kafa baki a gefensa ina motsa wuya kamar mai haɗiya, da niyyar in ɗan tsiyayar da kaɗan a jikin zani. Abin da ban lissafa ba shi ne nauyin kwanon. Ruwan ya taho gaba ɗaya. Sanyi ya bi haɓata, ya gangara ƙirji, ya wuce ciki, ya taru a cinyata. Na daure ban yi ihu ba. Na fito da kwano wayam, na ajiye, na goge baki da ladabi, na ce, "Alhamdu lillahi. Kai, Hajiya, ruwan nan akwai daɗi."

"Ba ta sha ba!" in ji Walida, har da tsalle. "Ga shi can yana bin tabarma!"

Kowa ya sunkuya ya duba. Ga ruwa ya fito daga ƙarƙashina, ya kama hanya tiryan-tiryan zuwa dardumar Hajiya. Hijabin nan mai ruwan madara ya manne a jikina. Wata suruka ta rufe baki da mayafi, ta ce ƙasa-ƙasa, "Allah dai ya sa ruwan ne." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban ko yi sallama ba.

Hajiya ta janye dardumarta a hankali. Ta ce, "Malama, a gidanku haka ake shan ruwa?"

A nan na san aiki ya riga ya tafi, kuma da na san haka sai tsoro ya sake ni. Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Maganar rubutu kuskurena ne, ban yi wa yara bayani yadda ya kamata ba, kuma gobe zan gyara. Amma maganar rijiya, ina jin tsoron yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Ki ba ni izini in gwada. In ba a ga komai ba, ba sai kin sa an sallame ni ba, da ƙafata zan tafi."

"Da me za ki gwada?"

"Da bular wanki, in akwai."

Ta miƙa hannu aka ba ta sanda. Muka fita tsakar gida, ina tafe ina ɗiga. Na kaɗa bula a bokiti har ruwan ya yi shuɗi sosai, na juye a wurin wanke-wanke, na bi shi da wani bokitin. Ruwan ya bi kwata, ya wuce ta gindin rijiya. Na kunna fitilar waya na haska ciki, mata suka kewaye bakin rijiyar.

Shiru. Ba komai sai duhu da gansakuka. (A nan ya kamata in gaya muku cewa ban taɓa yin gwajin nan ba, a aji kawai na ji wani malaminmu ya faɗa.) Duk addu'ar da na sani na karanta a zuci. Na ji wata ta fara tsaki a bayana. Har na fara tunanin ta wace ƙofa zan fita, sai Walida, da ta rataye a hannun uwarta tana leƙe, ta ƙwala ihu: "Ga shi!"

Daga wata 'yar tsaga a jikin bangon rijiyar, ƙasa kaɗan da baki, wani siririn layi shuɗi ya fito yana gangarawa. Ya ƙara kauri. Ya fara ɗiga cikin ruwa, muna ji muna gani.

Aka matsa wa Hajiya. Ta dogara sanda ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, fuskarta ta canza. "Inna lillahi. Wannan muke ɗura wa yaran nan?" Ta juya wajen surukanta. "Ashe rubutun ma da shi muke wankewa. Malam yana rubuta waraka, mu muna zuba masa kwata."

"Ai na faɗa miki, Hajiya," in ji Walida.

"Rufe mini baki, ja'ira. Ke da kika tona malamarki a gaban mutane."

Nan take ta ba da umarni: kar wanda ya ƙara shan ruwan nan sai an tafasa, har wanda za a wanke allo da shi. Ta sa aka kira mata Alhaji a waya, a gabana. "Ka turo magina gobe su gyara rijiya, a kawar da kwatar nan. Malamar nan kuma ta 'yan aji biyu, kar a taɓa ta. Ran Asabar ma za ta zo ta yi wa matan gidan nan karatun da ta yi wa yara." Wallahi ji na yi kamar in yi guɗa. Ina tsaye jiƙe sharkaf, haƙorana suna haɗuwa, amma ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba.

Ta sa aka ɗauko mini busasshen hijabi daga cikin nata, wanda ya isa ya rufe mutum biyu. Da na durƙusa yi mata sallama, ta riƙe hannuna ta yi ƙasa da murya. "Ruwan da kika zubar mini a ɗaki na yafe. Amma alhamdu lillahin da kika yi a kan ruwan da ba ki sha ba, wannan kuma tsakaninki da Allah." Sai a lokacin ta yi dariya, matan gida suka taya ta, har da ni.

An gyara rijiya, cikin Walida ya lafa, ni kuma aka tabbatar da ni kafin zango ya ƙare. Darasin gurɓatar ruwa har yau ina yin sa da robobina, sai dai yanzu ina farawa da cire zoɓo da kunu da rubutu daga lissafi. Wa kaina kuwa abu ɗaya na riƙe: in zan ƙi abu, da baki nake ƙin sa, cikin ladabi, tun kwano yana ƙasa. Kunyar faɗin gaskiya a fuska take tsayawa. Ta ƙarya kuwa, na gwada, har zani take jiƙawa.