Rasuwar Shuɗiya, Tabarmar Yoga ta Dogo Nini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugun da ya ƙi lanƙwasuwa, ni Sharfaddeen tela na unguwar Dogo Nini, Potiskum, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tabarmata ta yoga, wato shimfiɗar roba ta motsa jiki, wadda aka fi sani da Shuɗiya.

Marigayiyar ta shigo gidanmu ne bisa shawarar Sista Nanret ta asibiti, bayan zaman keken ɗinki ya cinye min ƙugu har na koma yin salla a kan kujera. Sista ta ce in riƙa miƙe jijiyoyi a hankali kowace safiya, in dakata da zarar na ji zafi, wataƙila goshina ya sake taɓa ƙasa. Wannan wataƙilar na naɗe cikin Shuɗiya na kawo gida.

Mai haƙuri ce. Ta ɗauki nauyina da nishina, ba ta taɓa tona min asiri ba. Ranar da na ɗaga ƙafa ɗaya na kife kan randa, kowa a gidan ya yi dariya ban da ita. Iyakar maganarta “fyaat”, idan ina ɓamɓaro ta daga siminti.

Ajalinta ya faro ne ranar da maƙwabcina Malam Maigandi ya leƙo ta katanga, ya gan ni tafin hannu a ƙasa, ƙugu a sama, na fuskanci yamma. Bawan Allah bai karya kumallo ba sai da ya zo ya gyara min alƙibla. Na rasa ta inda zan fara bayani, sai na yi godiya na juya Shuɗiya gabas. Tun daga nan unguwa ta ɗauke ta dadduma, ni kuma aka fara ce min Ustaz.

Da mage ta yi mata fitsari, maiɗakina Meram ta ce abin salla ba ya wuni da najasa. Ta dirje ta da ruwan zafi, ta shanya ta kan kwanon rufi a tsakiyar zafin Afrilu. Da la'asar ta narke ta manne. Na hau tsani don in ceto ta, ƙuguna ya ce “ƙas”. Aka sauko da mu duka biyu a hannu, ita ko “fyaat” ɗin ba ta yi ba.

A safiyar ranar saura taƙi ɗaya goshina ya kai ƙasa. Har warin robarta na shaƙa. Wallahi duk lokacin da na tuna sai na yi hawaye.

Ta rasu ta bar ƙugu a sandare, gwiwoyi biyu marayu, wandon motsa jiki da ya gaza kai cibiya, da kwalbar man zafi wadda za ta ci gaba da riƙe gida. Sista Nanret ta duba ni ta ce in manta da miƙe-miƙe tukuna. Wannan karon ba ta ce wataƙila ba.

Ba za a yi mata salla ba, duk da sunan da ta yi a unguwa. Abin da ya rage na gawar zan ɗinke shi matashi da hannuna, a kai shi makwancinsa ranar Juma'a, kan farar kujerar roba da ke ƙarshen sahu a masallacin unguwa. Masu ta'aziyya su same ni can. Ba zan yi wuyar ganewa ba: idan kowa ya yi sujada, ni ne wanda ya rage a zaune.