Makullin Ɗakin Gwaji Yana Falon Mai Girma

Jama'a, jiya na yi awa uku a layi, rana na gasa min ƙeya, kuma da na kai gaba ba fetur aka ba ni ba, ba kananzir ba. Taga aka nuna min, aka ce in leƙa na minti ɗaya in ba na baya wuri. Na sha bin layi a rayuwata har ƙafafuna sun iya shi ba tare da ni ba, amma layin leƙen taga jiya na fara shi.

Ku bari in ɗauko muku daga tushe. Ni tela ne, kun sani. Autata tana ajin ƙarshe a sakandare, kuma tun tana firamare ba ta da zance sai makarantar koyon jinya. Can kuwa ba sa ɗaukar wanda bai ci kemistiri ba, ko da ya iya allura a mafarki. Yau ne jarrabawar gwaji, wadda ake yi da hannu. Za a ba ka wata doguwar kwalba siririya mai ɗan famfo a ƙasa, sunanta biyuret, ka riƙa ɗiga wani ruwa a kan wani har launi ya sauya, sannan ka rubuta yawan abin da ka ɗiga.

Jiya da safe na tarar da Auta zaune a teburin yankana, littafi a buɗe, tana murza iska da yatsu biyu. Na zaci aljanu ne, har na fara addu'a. Ta ce a'a, famfon biyuret take koyon buɗewa. Ashe shekara uku ba ta taɓa riƙe ta ba. Malaminsu zana ta yake yi a allo: farin alli ne ruwan farko, jan alli ne na biyu, idan an gama a share da dasta.

Raina ya ɓaci, domin na san an gina musu ɗakin gwaji bara waccan. Ni da hannuna na ɗinka jan ƙyallen da Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo ya yanka. Ni ma mai almakashi ne, sai dai ni idan na yanka sai na zauna na ɗinke.

Na sa hula na ja Auta muka tafi makaranta. Shugaban makarantar, wani bawan Allah da hawan jini ya gama da shi, ya ba ni kujera ya yi min bayani a hankali. Ranar bikin, an miƙa wa Mai Girma makullin don a ɗauki hoto, makulli ya burge shi, ya jefa a aljihu. Yanzu haka yana rataye a falonsa cikin gilashi, tare da lambobin yabo. An rubuta wasiƙa bakwai, an kafa kwamitin karɓo makulli, kwamitin ya je har sau biyu, an ba su lemo, sun ga makullin da idonsu, sun dawo sun rubuta rahoto cewa yana nan lafiya. Na tambayi makulli na biyu, ya ce yana cikin ɗakin gwajin a durowa, saboda tsaro. Na ce a ɓalle ƙofar mana. Ya dafe ƙirji ya ce kayan gwamnati ne, kuma saura masa shekara biyu ya yi ritaya.

Abin da ya kai mu layi ke nan. Tun da jarrabawa ta ƙarato, Malamin Kemistiri ya ɓullo da dabara: ya samo doguwar sanda, yana zura ta tsakanin ƙarafan taga yana nuna kwalayen da ke jere a ciki. Yana cewa wancan kwalin biyuret ne, wancan kofunan awo ne, yara suna leƙe suna rubutawa da sauri. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wata yarinya ta tambayi yadda warin amoniya yake, Malam ya ce ta zagaya bayan aji wajen bangon da maza ke tsayawa, ta shaƙa ta haddace.

Muna dawowa na tsaya wajen maƙwabcina Mai Kemis na zazzage masa. Ya kaɗa kai ya ce, "Tela, ai ba a fafe gora ranar tafiya."

Na ce, "To in gorar tana kulle, makullin yana falon wani fa?"

Ya shiga ciki ya fito da sabuwar robar ƙarin ruwa, irin mai ɗan taya da ake murzawa a rage gudun ruwa. Na kafa ta a jikin katako da ƙusoshi, na ɗauko tef ɗina na yi mata layi-layi tsaf. Auta ta duba ta ce, Baba, ai a inci ka auna. Na ce duk abin da na auna a duniya a inci na auna shi kuma ba wanda ya taɓa dawo min da wando. Sai da Mai Kemis ya kawo sirinji muka goge, muka sake layin daga farko.

Ruwan gwaji kuma daga kicin ya fito. Maman yara ta ba da lemun tsami da garin sabulu da kurkum, tana mita cewa wata rana tukunyarta za a ce a kai makaranta. Kurkum a ruwan sabulu ja yake zama, lemun tsami kuma ya mayar da shi rawaya. Gwajin farko a kan farar shaddar wani kwastoma ya ƙare, yanzu haka ina tunanin yadda zan ce masa sabon yayi ne. Hannun Auta sai rawa yake, ruwa ya zubo a guje, ta sake, ya sake zubowa. A karo na shida ta kifa kai a tebur tana kuka. A na tara, wajen la'asar, ɗigo ɗaya ya faɗa, jan nan ya washe ya koma rawaya. Ta tsaya tana kallon kofin.

"Baba," in ji ta a hankali, "ashe da gaske yana sauyawa."

Shekara uku tana rubuta wannan magana a takarda, ana ba ta maki, ba ta yarda da ita ba. Na yi farin ciki, na kuma ji haushin da ban taɓa ji ba, har na fita waje kamar mai neman wani abu.

Yau da safe muna tsaye a bakin makaranta mu iyaye, sai ga mai sa ido a jarrabawa, wata mata marar wasa, da ruwan gwajinta a jarkoki. Ta ce ita ba ta ba da makin leƙe. Ta sa aka kira mai walda ya yanke ƙofar, shugaban makaranta ya juya baya don kada ya zama shaida. Aka buɗe kwali na farko, kalanda ce mai hoton Mai Girma. Na biyu, kalanda. Har na goma sha biyu, kalanda, ta bara waccan ma. Malam ya zauna a ƙasa da sandarsa.

Matar ta zaro biro za ta rubuta cewa ajin bai yi jarrabawa ba, wato shekara guda ta tafi. Auta ce ta ɗaga hannu, ta ce akwai biyuret ɗin katako a shagon babanta. Ban san ina da gudu ba sai da na ga kaina na dawo da katako a ka, Mai Kemis na biye da ni da kofunan shayi. Matar ta gwada layin da sirinji, ta dube ni ta kan tabarau, ta ce a fara. Yara arba'in da uku suka yi layi a kan robar ƙarin ruwa ɗaya. Auta ce ta farko, kuma na leƙa ta tagar nan tamu mai albarka, na ga hannunta ko motsi bai yi ba.

Ɗazu shugaban makaranta ya biyo ni shago. Labari ya kai sama, Mai Girma ya ji daɗi ƙwarai, zai zo mako mai zuwa ya ƙaddamar da katakon a matsayin nasarar shirinsa na kimiyya. Wai in ɗinka jan ƙyalle. Na ce da gudu ma, wa ya isa ya ƙi. Sai dai na riga na cire ɗan tayar nan na ɓoye a durowar kekena, saboda 'yan ajin da ke biye. In Mai Girma yana son abin tunawa, akwai ragowar ɓarin lemun tsami, kuma zai yi kyau a gilashi.